Tsohuwar Land Rover: Wace Gangar Inji Za A Saya Mata?

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo manomin shinkafa a nan Zauro ya tare ni a bakin hanya, ya ce, "Malamin gona, zo ka raba mini gardama da yarana." Na bi shi gida. Can bayan rumbu sai ga wata tsohuwar Land Rover doguwa a tsaye, tayoyi sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Ta mahaifinsa ce, wanda ya saye ta a gwanjon motocin gwamnati. Shekara uku ke nan da injin ya buga, sandar fistin ta fasa gangar injin ta leƙo waje. Bana Allah ya ba da shinkafa, yana so ya tashe ta. 'Ya'yansa sun ce a sa mata babban injin gas na zamani, shi kuwa ya ce a nemo ganga irin tata a ɗaura.

Na ce masa, "Baba, ni aikina ƙasa da iri da taki ne, ba kanikanci ba." Amma a makarantar aikin gona an sa mu mun kwance inji mun ɗaura da hannunmu, kuma tun da na kama aiki cikin fadamar nan na sha tura mota a taɓo. Saboda haka na faɗi ra'ayina, na goyi bayan dattijo. Da ya ke na san ba gidansa kaɗai a ke wannan gardama ba tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, na ga ya kamata in kawo dalilaina a wannan fili.

Kada wani ya ce maganar mota ba maganar noma ba ce. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, kana aka buɗe babban injin casar shinkafa a Argungu a 2017, noman fadamar Rima ya ƙara kuɗi. Amma shinkafa ba ta zama kuɗi sai ta fito bakin kwalta. Wanda ba shi da abin fid da ita, ko dai ya biya 'yan babur da masu amalanke buhu buhu, ko kuwa ya sayar a bakin gona yadda mai saye ya ga dama. Motar da ƙafafunta huɗu duk suna ja, wadda za ta ratsa yashi da laka ta isa masussuka, ita ce ke raba manomi da wannan asara. Sabuwa irin wannan ta fi ƙarfin yawancinmu. Tsohuwar Land Rover kuwa jikinta na alminiyam ne, ba ya tsatsa, in dai shasin ƙarfen da ke ƙarƙashi bai ruɓe ba, tashinta ya fi sayen wata sauƙi nesa ba kusa ba.

To, mece ce gangar inji? Ita ce wannan babban curin baƙin ƙarfe na zubi wanda makanikai ke kira bulok. Cikinta a ke da ramuka huɗu inda fistin ke hawa da sauka, da hanyoyin ruwa, da hanyoyin baƙin mai, a gindinta kuma akwai mazaunan da kiranshaf ke kwance a kai yana juyawa. Fistin da ringi da metal da gaskit duk kayan canji ne, kamar yadda a ke sake wa garma baki. Ganga ita ce gonar kanta. In ta yi kyau, duk abin da ka zuba a kai zai yi albarka, in kuwa ta ɓaci ka zuba taki a kan fako.

Ya kamata mai saye ya san dangin injin kafin ya shiga kasuwa. Land Rover ta fara fitowa a Ingila a 1948 da ɗan ƙaramin injin fetur. A 1958 aka fito da injin fetur mai lita 2 da kwata, a 1961 kuma aka yi masa ɗan'uwa mai shan gas, girmansu ɗaya. Waɗannan biyu su ne ke cikin mafi yawan tsofaffin da mu ke gani, har zuwa 1985 sa'ad da aka daina ƙera wannan samfurin mota. Na fetur yana da ƙarfin doki 70 da 'yan kai, na gas 62. Ba su da gudu ko kusa. An yi su ne don ja a hankali cikin mummunar hanya, da kuma jure rashin kulawa.

Yanzu ga abin da yaran dattijo ke so. A 1989 kamfanin ya fito da wani injin gas mai suna 200Tdi, wanda ke da famfon hura iska da a ke kira turbo, ƙarfinsa ya haura doki 100. Inji ne na kirki, ban musa ba, kuma ba ya shan mai. Wasu kuma injin Toyota ko Nissan su ke sawa. Amma fa inji ba shi kaɗai ke tafiya ba. Akwatin giya da sandunan aksul na tsohuwar motar an auna su ne da ƙarfin doki 70. Kowane makaniken Land Rover ya san sandar aksul ta baya, wadda ke da haƙora 10 a bakinta, tana karyewa ko da injin asali in an cika kaya aka fizge ta cikin laka. Dogayen da aka yi daga farkon shekarun 1970 an ba su aksul na baya mai ƙarfi da a ke kira Salisbury, amma akwatin giyar na nan yadda ya ke. Birkinta kuma na ganga ne gaba da baya. Ka ɗauki motar da aka yi don kayan da bai kai tan guda ba, ka lafta mata abin da mu ke laftawa da kaka, sa'an nan ka ba yaro ɗan shekara ashirin ƙarfin doki ɗari a ƙarƙashin ƙafarsa. Kai ma ka san inda za a kwana.

Ban da wannan, baƙon inji ba ya zama sai an yanka an yi walda, an ƙera farantin da zai haɗa shi da giya, an sake wurin lagireto da salansa. Ran da wani abu ya lalace a tsakiyar fadama, ba littafin da zai gaya wa makanike abin da aka yi, sai wanda ya yi aikin, shi kuwa yana can birni. Injin asali sarƙa ke juya masa lokaci, tana cikin mai a rufe. 200Tdi bel ne na roba, ran da ya tsinke kuwa inji ya tsaya nan take, sau da yawa har da ɓarna a ciki. Ni dai a ganina motar gona ita ce wadda makaniken Ambursa ko na Gulma zai iya gyarawa a gindin bishiya da sifana da filaya.

In an yarda a tsaya kan dangin asali, saura zaɓi a cikin dangi, nan ne kuwa maganar ta ke. Gangar lita 2 da kwata iri biyu ce. Daga farko har zuwa 1980 mazaunan kiranshaf uku ne. A 1980 aka sake ƙira aka mai da su biyar, watau kowane rami yana da madogara dama da hagu. Ku duba azara a kan ɗaki: wadda aka tokare wuri uku da wadda aka tokare wuri biyar, wace ce za ta fara lanƙwasa? Ga injin fetur mazauni uku sun isa, an ga waɗanda suka shekara talatin suna aiki ba su yi gardama ba. Ga injin gas kuwa, wanda ke matse iska kashi 23 zuwa 1, alhali na fetur 7 ne ko 8, dukan da kiranshaf ke sha ya yi yawa, mai mazauni uku an san shi da karya kiranshaf in ana takura masa. Saboda haka wanda ya nace sai gas, to, lalle ya nemi mai biyar.

Gane ta ba wuya. Mai mazauni biyar tana da haƙarƙari na ƙarfe a gefenta daga waje, an zuba su tare da ita don ƙarin ƙarfi, mai uku kuwa gefenta sumul ya ke. Amma tun da za ka biya kuɗi, sa a kife ta ka ƙirga da yatsa. Kada ka dogara ga launi. Daga kamfani mai biyar ja-ja ta ke fitowa kamar jan tukunya, amma gwangwanin fenti nawa ne? Ka sani kuma mai biyar ba ta karɓar duk kayan mai uku. Kiranshaf dabam ne, abin da ke tare mai a bayansa dabam ne, haka ƙwaryar da ke rufe babban faifan baya inda kuloci ke kamawa. In za ka saye ta, saye ta da waɗannan a jikinta, in ba haka ba za ka yi wata biyu kana yawon neman abu ɗaya. Akwai kuma ƙanenta mai lita 2 da rabi na fetur da ya fito a 1985, faɗin raminsu ɗaya, mazauni biyar, sarƙa ce kuma ba bel ba. In ka same shi cikakke da sauƙin kuɗi, ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, yana zama da ɗan gyara kaɗan.

Fetur ko gas? Nan mutane za su saɓa da ni, ba laifi. Mai gas zai ce injinsa bai kai na fetur shan mai ba, kuma ba ya tsoron ruwa, don ba shi da fulogi da wayoyin wuta da za su jiƙe in an ratsa mashigi. Duk gaskiya ne. Tun da aka janye tallafin fetur a ƙarshen Mayu 2023 kuwa kowa na lissafin lita. Ɗan kasuwa mai jigila kullum, yau Jega gobe Kamba, gas zai fi masa. Amma manomi wanda motarsa ke aiki wata huɗu ko biyar a shekara, sauran lokaci tana tsaye, ni fetur na ke ba shi shawara. Famfon gas da nozul ba sa haƙuri da man da ke da ruwa ko ƙasa, mu kuwa a jarka mu ke sayen mai a ƙauye. In famfon ya lalace sai an kai wa gwani mai injin gwaji a babban gari. Kafireto kuwa ko almajirin makanike zai wanke maka shi. Injin fetur mai matsi 7 ya fi jure man da ba shi da kyau.

Wani zai ce maka ai gangar fetur da ta gas uwa ɗaya ce, saya ta fetur mai arha a mai da ita gas. Zancen ya ɗauko gaskiya ya bar rabi. Ƙirar gangar ɗaya ce, amma kiranshaf na gas ƙirarre ne, na fetur zubi ne, fistin dabam, kan inji dabam. Wanda ya bar kiranshaf na fetur cikin injin gas don ya rage kuɗi, ya ajiye wa kansa ranar baƙin ciki.

To, an isa kasuwa. Ko a Sakkwato ne, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ka tuna mafi ƙuruciyar waɗannan gangogi ta kai shekara 40 ko kusa, ba wadda ba a taɓa buɗewa ba. Kada ka je kai kaɗai, tafi da makaniken da zai ɗaura, ka biya masa kuɗin mota da na abinci, don in ya zaɓa da hannunsa ba shi da bakin cewa an kawo masa ruɓaɓɓe. Bara waccan wani maƙwabcina ya aika aka sayo masa ganga a wani gari, ta zo da sabon fenti tana ƙyalli, har muka taru muna yaba ta. Aka ɗaura, aka tayar, kwana tara baƙin mai ya koma fari kamar kunun gyaɗa. Da aka kankare fentin sai ga tsaga an cike ta da gam. Kuɗin fistin da ringi da gaskit da ladan makanike duk sun bi ruwa, shinkafarsa kuwa a bakin gona ya sayar. Tun daga ran nan ganga mai datti ta fi kwanta mini a rai bisa ga mai kwalliya.

Abu na fari, tsaga. A wanke gangar da kananzir, a goge ta bushe, a barbaɗa garin alli a saman fuskarta da tsakanin ramuka da kewayen ramukan kusoshi da gindin mazauna. A ɗan jira. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya zana layi a kan allin. Dabara ce ta tun zamanin da, ba ta cin ko sisi. In ka ga layi, ko ka ga alamar walda, ka yi sallama ka wuce, kome arharta.

Sa'an nan ramuka. Sa farce a bakin kowane rami daga ciki. Inda ringi ke tsayawa ya kan bar 'yar gaɓa, in farce ya maƙale sosai ramin ya ci. Wannan ba ya kashe ciniki, gama ana kai ganga wurin masu injin borin su faɗaɗa ramin a sa fistin mai girma. Amma faɗaɗawa tana da iyaka. Ramin asali milimita 90 da rabi ne, saura kaɗan. Manyan fistin hawa hawa su ke, an buga lambarsu a ka: 010, 020, 030, 040, kowane hawa kamar kwatan milimita. In tsohon fistin na ciki, kankare baƙin da ke kansa ka karanta. Ganga mai 020 tana da sauran rai biyu a gaba. Mai 040 ta cinye rabonta, ba abin da ya rage sai a rarake a sa mata riga, watau silif, aiki mai tsada wanda kuma ba kowa ya iya ba. Mai ramin asali ko 020 ko da ta fi tsada ita ce mai arha. Dubi tsatsa kuma. Bayan ambaliyar 2020 motoci da injuna da yawa sun kwana cikin ruwa a ƙasar nan. Tsatsar sama borin zai ɗauke ta, amma wadda ta yi rami zurfi kamar zanzana ba ta fita.

Na uku shi ne wanda mutane suka fi mantawa, ni kuwa shi na fi jin tsoro. Kowane mazaunin kiranshaf rabi biyu ne, rabi a jikin ganga, rabi murfi ne da a ke ɗaurewa da kusoshi. A kamfani sai an ɗaure murafan tukuna a ke huda ramin gaba ɗaya, saboda haka murfin wata ganga ba ya dacewa da wata, ko da a ido kamarsu ɗaya. Kai, ko a ganga ɗaya ba a musanya na gaba da na tsakiya. Mai sayarwa ya kan kwance su ya watsa cikin buhu, ran ciniki ya tsinto maka adadin da ka ke so. In an ɗaura haka, kiranshaf zai cije ko ya yi sako-sako, metal ya narke cikin mako. Ka sayi gangar da murafanta ke ɗaure a jikinta. In da kiranshaf a ciki, a sa mai a juya shi da hannu, ya kamata ya zagaya sumul ba tare da ya tsaya a wani wuri ba. Ganga tsirara ba murafi, ƙarfen awo ce, sai 'yan gwangwan.

Saura ƙanana. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskar ganga tsaye da kwance da karkace, a duba ko haske na wucewa ƙarƙashi, don wadda ta taɓa tafasa ta kan bauɗe ta riƙa cin gaskit. A gwada kusoshin kan inji cikin ramukansu a ga zaren bai zame ba. A gefen ganga akwai wasu marafai masu kama da kwabo da ke toshe hanyar ruwa. Sa a ɓalle ɗaya ka leƙa. Mu nan ruwan gulbi mu ke ɗura wa lagireto, lakarsa kuwa ta kan kwanta a gindin ramin baya ta daskare, inji ya yi ta zafi ana zargin lagireto. Ko wace ganga ka saya, a cire marafan nan duka, a wanke cikin sarai, a sa sababbi, a bi hanyoyin baƙin mai da buroshi. Daga nan kuma sai ruwa mai tsabta.

Ga 'yan'uwa ma'aikatan ofis da su ke sayen irin motocin nan, ku kun fi mu sanin darajar takarda. Kowace ganga tana da lamba da aka buga a gefenta wajen gaba. Lambar nan tana cikin takardun mota. In an sake ganga, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar da sunan mai shago, a je a gyara takardu. Ganga wadda aka goge lambarta da dutsen wuta, kada ka tambayi dalili, bar ta.

Lokacin aikin ma abin dubawa ne. Mafi yawa sai shinkafa ta nuna su ke tunawa da mota, a yi aiki da gaggawa, a tayar yau gobe a cika ta da buhuna. Sabon ringi da metal suna bukatar kamar kilomita 800 na tafiya a hankali ba kaya mai nauyi, kana a zubar da mai a sa sabo, a sake ɗaure kusoshin kan inji. Lokacin da ya dace shi ne Agusta da Satumba, sa'ad da gulbi ya cika, hanyoyin fadama suka nutse, mota ba ta da aikin yi. Kafin girbin Nuwamba ta gama koyon tafiya a kan kwalta.

Dattijon nan da na faɗa muku, mun tsaya a kan zai nemi gangar fetur, mai mazauni biyar in an samu, in ba a samu ba mai uku wadda ba ta wuce 020 ba, da murafanta a jiki. Babban ɗansa bai gamsu ba, ya ce tsofaffi da malaman gona bakinsu ɗaya. Na ce masa kafin a kashe ko naira ɗaya a kan inji, ya shiga ƙarƙashin motar da guduma ya ƙwanƙwasa shasin daga gaba har baya, musamman wajen da sifirin ke kamawa, ya zo ya gaya mini irin ƙarar da ya ji. Ya ce sai an kori kajin tukuna.